Tanki na Goma Sha Bakwai

A ƙarƙashin ƙasa nake aiki, a Bangor,
ɗaki ba taga, sai gurnanin famfo.
A waje ruwan sama na zuba tun Talata,
a nan ruwan ɗumi ne, irin na tafkin Biktoriya,
mun auna, mun haɗa, mun tace,
don kada kifayen su gane an yi musu ƙaura.

Ni kam na gane.

Baba ya kira daga Yawuri, ina jin injin kwale-kwale a bayansa.
"Barira, wai me kike kiwo ne?"
Na ce dangin karfasa ne, Baba.
"To, ana ci?"
Na ce ƙirgawa ake yi.
Ya yi irin shirun da yake yi
ranar da koma ta fito wayam.

Ta ina zan faro masa?
Kakanni ƙalilan suka faɗa tafki,
jikoki suka watsu ɗari bisa ɗari.
Wannan ya koyi kankare gansakuka a kan dutse,
wancan na fasa katantanwa da haƙoran maƙogwaro,
akwai ma marar kunya
da ke yagar ɓawon jikin maƙwabci ya gudu.
Tsatso ɗaya, amma ba mai ba wani aure.

A tanki na sha bakwai mace ɗaya ce, maza biyu.
Ɗaya shuɗi kamar ya kwana a marina,
ɗaya ja, jan garwashi.
Ita 'yar gidan shuɗi ce, kuma ta sani.
Kwana tara jan yana share yashi,
yana karkarwa, yana baje bindi,
ko kallon banza bai samu ba.
Na rubuta: shuɗi. Shuɗi. Shuɗi.
Har biro ya gaji da ni.

Ranar ta goma Gethin ya hau tsani,
yana tari, yana ƙorafin gwiwa,
ya sauya ƙwan fitila.
Haske ya koma ruwan goro,
kamar kogi in damina ta dama shi.
Shuɗi ya dushe, ja ya dushe,
duka biyun suka zama launin tukunya.

Ta tsaya a tsakiya, ta daɗe.
Shayina ya huce a hannu.
Sai ta juya wajen wanda ta ƙi.

Ashe katangar da ta raba gida biyu
ba dutse ba ce, ba nisa ba,
tsabtar ruwa ce kawai.

Yanzu kumatunta sun kumbura.
Ta kwashe ƙwan a baki ta rufe,
sati uku ba ci,
azumi ba sahur, ba buɗa-baki.
Ina zuba abinci, tana kau da kai.
Jiya da asuba ta furzar da su.
Na ƙirga ashirin da uku,
Gethin ya rantse ashirin da huɗu ne.
Inuwar hannuna ta gifta,
suka ruga cikin bakin uwa kamar an tsawata musu.

A takarda akwai gurbin da ke tambayar jinsi.
Su kuwa toka-toka ne tukuna, kamar kowane jariri.
Na bar gurbin a buɗe.

Da dare na kira gida.
Baba, ka san a baki take goyo?
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Wannan ne ya kai ki Ingila?"
Wales, Baba.
"Ko ina ne. Mu in mun kama mai cikakken baki
mayar da ita muke yi, kakanki ya hana."

Muka yi shiru, kati na cin kansa.
Na ce, ya ruwan kogi bana?
Ya ce, "Ya yi ja, 'yata.
Ko tafin hannunka ba ka gani a ciki."